Sanarwa kan kalmar scythe

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Game da kalmar nan ta Turanci scythe da ake ta tambaya, dayawa sun ce lauje ne kawai, to eh danginsa ne amma akwai bambanci sosai.

Lauje hannu ɗaya ake riƙe shi, ka duƙa, ka kama ciyawa da ɗaya hannun ka yanke. Shi kuwa wannan ƙotarsa doguwa ce ta kusa tsayin mutum, da mariƙi a jikinta, ruwansa kuma yakan kai santimita 60 zuwa 90, a tsaye ake aiki da shi da hannu biyu, kana juya ƙugu daga dama zuwa hagu bakin na shafar ƙasa ciyawa na zubewa a jere gefe ɗaya. Da sassafe yafi ci lokacin da raɓa bata bushe ba, kuma dole kana tsayawa kana wasa shi da dutse akai akai.

Manoman Turai sun daɗe suna yankan ciyawar dabbobi da alkama da shi kafin injinan girbi su yaɗu a ƙarni na 19. Don Allah masu fassara a cikinmu mu riƙa cewa dogon lauje, kar mai karatu ya ɗauka ƙaramin ne. Nagode.