Rahoton Ayyukan Shekara: Kuɗin Wata, Ajin Asabar da Ziyararmu Tsibirin Gore

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji shugaba, Hajiya uwar ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan uwa maza da mata mazauna Dakar da kewaye, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekara. Ga bayanin abin da aka yi da abin da ya gagara. Na karanta wa kwamiti shi kafin in sa a zauren WhatsApp, sun amince da lissafin. Inda kuka ji na yi zafi kuwa, zafin nawa ne, kada a ɗora wa kowa.

Da kuɗi zan fara, don nan ne ciwon yake. Sunaye 84 ne a littafinmu, kuɗin wata kuma jika ɗaya ne tak, bai canza ba tun da aka kafa ƙungiya. Mutum 31 suka biya na shekara cif. Mutum 29 sun biya wani abu suka tsaya, galibi bayan ƙaramar salla. Sauran 24 ko dala ba su ba da ba. Da kowa ya sauke nauyinsa, da sefa 1,008,000 ne a hannun ma'aji. Abin da ya shigo 512,000 ne. Ban sa ɗalibai a wannan ƙorafi ba, don mun san tallafin karatunsu ba ya zuwa a kan kari, amma duk da haka cikinsu akwai waɗanda suka biya kafin masu shaguna. Na taka unguwar Madina a nan Dakar, na taka Pikin da Gediyawai a bayan gari, kuɗin mota duk daga aljihuna. Wani ya ce sai kasuwa ta buɗe, wani ya ce zai turo ta waya da yamma, har yau yammar ba ta yi ba. Akwai wanda na je wa sau huɗu, a na huɗun yaronsa ya ce ba ya nan alhali ina jin muryarsa a ciki. Ba roƙo nake zuwa yi ba, 'yan uwa, amanarku ce kuka ɗora mini.

Waɗanda ke tambayar ina rumfa da kujerun da aka yi alkawari bara, ga amsa. Mun je an yi mana kuɗinsu, muna shirin ba da kafin alƙalami sai aka kwantar da ɗan uwanmu a asibiti mako uku, daga baya Allah ya yi masa rasuwa, muka kai shi makabartar Yof. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Kuɗin magani, da likkafani, da abin da aka aika wa iyalinsa a gida, duk daga asusu suka fito, kuma babu wanda ya ce a tsaya a cikin kwamiti. Sai ta'aziyya biyu da suna uku suka biyo baya. Da mutum 24 ɗin nan sun biya ko rabin nasu, da an yi jinya an kuma sayi kujeru. Har yanzu haya muke yi duk lokacin da sha'ani ya taso.

Ajin Hausa na ranar Asabar ya tsaya tun watan Yuni, wannan kuwa ya fi kujeru ci mini rai. Malamar da ke koyarwa kyauta take yi, kuɗin mota kawai muke ba ta. An fara da yara 22, aka koma 9, ranar ƙarshe yara 3 ta tarar. Ba ita ta gaza ba. Iyaye ne suka daina kawo yara, su ne kuma za ka ji suna kukan 'ya'yansu sun iya Wolof da Faransanci amma ba sa iya gaida kakarsu ta waya. Takardar rajistar ƙungiya ma tana nan inda muka kai ta; sau biyu ana maido mu a kan sa hannun da ya rage, kuma mutum biyu daga cikin masu sa hannun sun yi wata huɗu a gida.

Taron wata an yi shi sau tara cikin goma sha biyu, fuskokin da aka saba gani su aka gani.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai.

Shekara uku ana cewa za a kai yara Gore a lokacin hutu, bana Allah ya nufa. Mun zaɓi hutun ƙarshen Disamba don damina ta wuce, zafi kuma ya sauka. Mutum 47 muka tafi, 19 daga ciki yara. Tun da sassafe muka hallara a tashar jirgin ruwa da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tsallakawar ba ta wuce minti 20 ba, tsibirin bai fi kilomita uku daga gari ba, amma da na tambaya a cikin jirgi, manya 11 suka ce ba su taɓa sa ƙafa can ba, har da wanda ya shekara 15 a Dakar. Baƙi na biyan kuɗin jirgin sama daga Amurka da Brazil don su zo su ga wannan wuri, mu yana bakin ƙofarmu. Wata daga cikin iyayenmu mata, haihuwar Tawa, ba ta taɓa hawa ruwa ba. Ta riƙe hannun jikarta tana salati har muka iso, da ta sauka ta ce a komawa ita a sama za ta zauna.

Abin da ya fara ba yara mamaki shi ne babu mota ko ɗaya a tsibirin. Tsawonsa bai kai kilomita guda ba, da ƙafa ake zaga shi. Lunguna ne ƙanana masu yashi, gidaje masu bene an shafe su da ja da rawaya, furanni na leƙowa ta kan katanga. Uwa na iya sakin hannun ɗanta ba fargaba, abin da ba mu samu a Dakar.

Gidan Bayi muka fara zuwa, tun kafin jama'a su yi yawa. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 18, aka mai da shi wurin tunawa a 1962. Marigayi Bubakar Joseph Ndiaye ne ya yi shekaru sama da arba'in yana kula da shi yana ba baƙi labari, har ya rasu a 2009. Da ka shiga tsakar gida, matakala biyu ne masu lanƙwasa suka hau sama inda masu gida ke zama, da faffaɗan ɗakuna da iskar teku. A ƙarƙashinsu kuma ɗakunan da ake tsare mutane: na maza daban, na mata daban, na yara daban, da wani ƙuntataccen rami a gindin matakala na waɗanda suka ƙi sunkuyar da kai, wanda babba ba ya iya miƙewa a ciki. Mai yi mana bayani ya ce Nelson Mandela ya shiga ramin nan da ya zo a 1991. Daga nan sai wani siririn lungu mai duhu, a ƙarshensa ƙofa a buɗe tana kallon teku, ita ake kira ƙofar tafiya ba dawowa. Yaranmu da suka cika jirgi da surutu, a nan babu wanda ya ce uffan. Alhaji shugaba ya ɗaga hannu aka yi addu'a ga duk wanda aka fitar daga ƙasarsa a ɗaure, na ga dattawa na share hawaye da bakin rawani.

Wani yaro ɗan shekara 12 ya tambaya da Faransanci ko akwai Hausawa a cikin waɗanda aka bi da su ta nan. Ɗan uwanmu mai karatun tarihi a jami'a ya amsa masa da Hausa, a hankali yadda zai gane. Ya ce mutanen da aka fitar ta wannan gaɓa galibi na yankin nan ne da cikin ƙasa, Wolof da Serer da Bambara da Fulani. Hausawan da aka kama kuwa, kudu aka fi gangarawa da su, ta Legas da Badagiri da Wida, da yawansu aka kai Bahiya a ƙasar Brazil. Can suka yi yunƙurin tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban bore a birnin Salbado a 1835. Ya kuma gaya wa yaran gaskiya cewa masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan mutanen da suka bi ta wannan gida, wasu na ganin tashoshin kudu sun ninka Gore nesa ba kusa ba. Amma ɗakunan ga su nan, ido ya gani. Bai ɓoye musu cewa a ƙasashenmu ma an sayi mutum an sayar ba. Faransa ta haramta bauta a yankunan da take mulki a 1848, a Nijar kuwa sai 2003 aka yi dokar da ta tanadi hukunci a kanta. Na ji daɗin da bai rufe wannan ba, don yaro idan ya girma ya gano an ɓoye masa rabin magana, sauran ma ba zai yarda da ita ba.

Daga nan muka wuce gaban tsohon ginin makarantar Wiliyam Ponti, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa 1937 kafin a mayar da ita garin Sebikotan. Nan Faransawa ke tattaro yara masu ƙwazo daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da suke mulka, su horar da su aikin malanta da na ofis. Bubu Hama, malamin boko na farko ɗan Nijar, wanda gidan tarihin Yamai ke ɗauke da sunansa, a nan ya yi karatu. Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, shi ma ɗalibin wannan makaranta ne. Ɗalibanmu suka tsaya suka yi ta ɗaukar hoto. Ɗaya ta ce ita kwana ɗaya ta yi daga Yamai a jirgin sama amma ta yi wata tana kuka, ina ga yaron da ya zo nan a wancan zamani, ba waya, ba wanda ya sani.

Azahar a masallacin tsibirin muka yi ta, wanda aka gina a 1890, a gindin tudu, igiyar ruwa na dukan duwatsun da ke ƙasansa. Ƙarami ne, sai da muka yi sahu biyu. Bayan salla masu ƙarfin gwiwa suka hau tudun Kastel ta hanyar da kukoki suka yi wa layi, inda masu zane ke baje kayansu, har da masu zane da yashi kala-kala. A sama akwai manyan igwa da Faransawa suka girke, daga nan kuma Dakar gaba ɗaya take a gabanka kamar a faifai. Wasu suka shiga ganuwar da ke ɗaya ƙarshen tsibirin, wadda yanzu gidan tarihi ce. Can suka ga bayanin yadda Turawan Fotugal suka iso a 1444, Holan suka karɓa suka raɗa masa suna, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Abinci kuwa sai godiya ga Hajiya uwar ƙungiya da matan da suka kwana a kan murhu. Dambu, da shinkafa da kifi irin ta mutanen nan, da zoɓo mai sanyi, ga kilishin da wani ɗan uwa ya taho da shi daga Maraɗi ya ce sadaka ne. Muka shimfiɗa tabarmi kusa da ɗan bakin ruwan da ke gefen tasha, yara suka shiga ruwa samari huɗu na tsaye a kansu, dattawa na shan shayi. Kafin mu tashi muka tsince shararmu tsaf. Da la'asar sakaliya muka juyo, ba wanda ya ɓata, ba wanda ya ji ciwo. Alhamdu lillahi.

Masu niyyar kai iyalinsu da kansu, ku tafi da katin zama, don kuɗin jirgi na mazauna ƙasa ya fi na baƙi sauƙi. Ku bi jirgin safe, kada ku je ran Litinin don Gidan Bayi a rufe yake, ku kuma yi ciniki kafin ku ɗauki mai yi muku jagora.

Na ji ana cewa kuɗin kujeru aka ci a yawon buɗe ido. Wallahi ko dala ba ta fita daga asusu ba. Karo-karo na daban aka yi, kowa ya biya tun mako biyu kafin tafiya, rasit na nan wurin ma'aji ga mai son gani. Har rara aka samu, jika 14, aka zuba a asusun jinya. Mutum 12 sun rubuta suna ba su biya ba kuma ba su zo ba, sai da dare suka cika zaure da a turo musu hotuna. Uku kuma suka ɓullo a tasha da iyalinsu ba tare da sun ba da komai ba. Don kunyar yara muka sa su cikin abinci. Masu wannan magana ta cin kuɗi, na duba littafi, yawancinsu suna cikin 24 ɗin nan.

Abin da na lura shi ne, kuɗin tafiya ya taru cikin kwana goma ba tare da na taka gidan kowa ba, domin an ce wanda bai biya ba babu kujerarsa a jirgi. Shi ya sa nake kawo shawara kwamiti ya duba: wanda ya yi wata shida bai biya ba, ba tare da ya zo ya faɗi uzurinsa ba, a dakatar da haƙƙinsa na asusu har ya cika. Mai uzuri na gaskiya ya same ni ko ma'aji a keɓe, ba wanda zai ji. Bayan dawowarmu iyaye bakwai sun ce a sake buɗe ajin Asabar, malama ta amince idan yara sun kai goma, saura uku ke nan.

Taro na gaba Lahadin farko ta watan gobe ne, bayan la'asar, a gidan Alhaji shugaba. Kowa ya zo da katinsa da bashin da ke kansa. A ranar zan roƙi a ba ni mataimaki ɗaya daga Pikin ko Gediyawai da zai riƙa karɓar na can, don ƙafata ba za ta iya wata shekarar ita kaɗai ba.

Wassalam.

Sakataren kuɗi