Ga matasan da ke shiga kiwon kajin gidan gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da ƙannenmu da suka gaji da jiran aikin gwamnati suka rungumi kiwon kaji. Niyyarsu ta tsayawa da ƙafarsu abin a yaba ce, amma da yawa hotunan riba suka gani a Facebook, ba su zauna da biro da takarda ba.

Kuɗin ɗan tsako kaɗan ne in aka kwatanta da na abinci. Kajin nama 100 sukan cinye buhu 16 zuwa 20 na abinci mai kilo 25 kafin su isa sayarwa a mako 6 zuwa 8. Sai ka ga yaro ya zuba jarinsa kaf a tsaki da keji, a mako na huɗu kuɗin abinci ya ƙare, ya koma haɗa musu da dusa, girma ya tsaya. Gara 50 da za a ciyar har ƙarshe.

A makonni biyu na farko tsakin suna bukatar ɗumi. In suka cure a jikin fitila, sanyi suke ji. Shimfiɗar ƙaiƙayi in ta jiƙe tana kawo zawon jini. Kada a tsallake riga-kafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato riga-kafin cutar Newcastle.

Abin da ya fi damuna shi ne bayar da kaji bashi. Kunyar 'yan uwa tana cinye jari, kuma kazar da ta isa ba a samo mata mai saye ba kullum riba take ci. A daidaita da masu gashin kaji da gidajen abinci tun kafin a zuba tsaki.

Naka,
Mai karatu daga Zariya