Takardar Koke Kan Rikicin Waƙar Ƙungiyar Ƙwallonmu

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
Ta hannun Mai Unguwa,
Sakkwato.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi lafiya.

Mu dattawa da magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu ne muka kawo kuka kan waƙar da yaranmu ke shiga fili da ita. Magana ce kamar ta wasa, amma yanzu ta raba teburin mai shayi gida biyu, har an fara nuna wa juna yatsa.

Ranka ya daɗe, asalin waƙar ta wani dattijo ce mai kalangu, ɗan gidan kiɗan dambe. Ya ɗora ta kan salon waƙoƙin maza, irin wanda marigayi Ɗan'anace ya yi suna da shi: a kira mutum da kirarinsa, a zuga shi, 'yan amshi su karɓa. Shekara da shekaru yana bin yaran nan, har filin wasa na Giginya, kalangu a hammata, yana matsawa yana saki, sai ka ji kalangun na kiran sunan gola da kansa. Ba a taɓa yanka masa albashi ba, abin da aka liƙa masa shi ne nasa.

Bana shugabannin ƙungiya suka ba wani matashin mawaƙi ya sabunta ta a situdiyo da fiyano. Gaskiya ta yi daɗi, mu ma muna saurare. Ta bazu a WhatsApp da TikTok, masu tura waƙa suna sayar da ita, sai dai sunan yaron kaɗai ke kanta.

Matasa sun ce baitocin sababbi ne, kiɗan kuma na na'ura ne. Mu kuwa mun ce amshin bai canja ko harafi ɗaya ba, kuma shi ne jama'a ke ɗauka idan an ci ƙwallo. Ba wanda ke rera baiti a bakin fili. Sai kuma kalangun da ake ji a ciki. Wasu sun ce daga kwamfuta aka ɗauko shi, wasu sun rantse ɗan cikin dattijon aka kai ya kaɗa, aka sallame shi da kuɗin kabu-kabu. Shi dattijon cewa ya yi: "Ni nay yi ta, kowa ya sani. Ba kuɗɗi nika bi ba, sunana nika so."

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai waƙa haƙƙin a ambaci sunansa, kuma ba a sabunta aikinsa sai da izininsa. Tsohon kaset ɗin da aka naɗi muryar dattijon yana hannunmu. Amma ba ma son kotu, yaron ɗanmu ne.

Muna roƙon ka kira su gabanka, dattijon da 'yan amshinsa, mawaƙin, mai situdiyo da shugabannin ƙungiya, a sa kaset ɗin da sabuwar waƙar kowa ya ji. In ta tabbata, a saka sunan dattijon, a kuma cire masa wani abu daga abin da aka samu, tare da iyalin ɗan amshinsa da ya rasu. A kuma daina kunna lasifika a kan kiɗan dattijon ranar wasa.

Allah ya taimake ka.

Mu ne naka,
Dattawa da magoya bayan ƙungiya.