Bayanin Kwamitin Rijiyar Burtsatse ga Waɗanda Suka Ba Da Gudummawa

Assalamu alaikum. A zaman ƙungiya na ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, wani ɗan uwa ya miƙe ya ce yana so a gaya masa inda kuɗin rijiya suka tafi, tun da an tara na rijiya ɗaya amma sai da aka zagaya da kwano har sau biyu. Tambayarsa tana kan hanya, ba kuma shi kaɗai ke yin ta ba, don mun daɗe muna jin ta a majalisa da bakin masallaci. Shi ya sa shugaba ya umarci kwamiti ya rubuta wannan bayani, domin waɗanda ba sa samun zuwa zaman mako su ma su karanta.

Farkon lamarin kowa ya san shi. Bututun famfo bai iso unguwarmu ba, ruwanmu na hannun 'yan ga-ruwa, da bazara kuwa ko da kuɗinka sai ka bi kura da roƙo. Aka yanke shawarar haƙa rijiya, aka naɗa mu. Karo-karon ya faɗo a farkon 2023, daidai lokacin canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta yi wuya, wasu suka turo ta banki, wasu suka yi alkawari. Cikin alkawuran nan akwai waɗanda har yau ba su shigo ba, kuma mun lura mai lissafi daga waje yakan haɗa da su kamar suna hannun ma'aji.

Sai maganar ramin farko, wanda shi ne ya ci mana kuɗi. Ba za mu ɓoye ba, an haƙa, ba a samu ruwa ba. Amma a tuna yadda aka yi. Kwamiti ya kawo shawarar a fara biyan masu awon ƙasa su zo da na'urarsu su duba inda ruwa yake. Zama ya ce kashe kuɗi ne a banza, tun da filin da aka ba mu kyauta a gefen masallaci akwai tsohuwar rijiya a cikinsa, dattawa sun sha ruwanta. Aka ɗaga hannu, masu cewa a haƙa kai tsaye suka yi rinjaye. Yana nan a littafin zama, da sa hannun shugaba da sakatare. Ni mai wannan rubutu ina cikin waɗanda suka ɗaga hannun, don haka ba wani nake jifa ba.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashinta, ruwa kuma yana kwanciya ne a inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe. Tsohuwar rijiya ruwan sama-sama take tarawa bayan damina, ba ta nuna abin da ke can ƙasa. Wanda ya tsaya a wurin ranar ya gani da idonsa: inji na ta ruri, farin gari na tashi kamar ana niƙa, ya rufe mana riguna da gemu, yara sun kewaye da bokitai suna jira. Har Magariba ko laima ba ta fito ba. Masu haƙa kuma a kan zurfin da suka yi ake biyan su, a samu ruwa ko kada a samu, haka yarjejeniyar take, ga kafin alƙalami da suka riga suka karɓa. Masu cewa da mun hana su cikon kuɗinsu, da wace hujja za mu hana?

Kafin mu farfaɗo, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin ɗauko kaya da na aiki duk suka bi ta. A karo na biyu mun yi abin da ya kamata mu yi tun farko: aka yi awo, aka nuna wuri a bayan makarantar firamare, aka haƙa, Allah Ya ba da ruwa.

Ɗaya ƙorafin shi ne na sola. Ana cewa don me ba a sayi janareta ba, alhali ya fi araha nesa ba kusa ba. Gaskiya ne ya fi araha ranar saye. To amma wa zai riƙa zuba masa mai kullum? Wa zai sayi baƙin mai, wa zai biya makanike? Ko dai a sa wa jarka kuɗi mai yawa, mu koma gidan jiya, ko kuma ƙungiya ta riƙa bara duk mako. Kowa ya san rijiyoyin da aka buɗe da biki a unguwannin maƙwabta, yau suna nan a rufe saboda kuɗin mai. Mun karɓi farashi daga shaguna uku, ba mu ɗauki mafi araha ba domin sumonsa, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasa, ba shi da garanti. Kayan kuma na waje ne, dala suke bi, a Fabrairun 2024 kuwa dala ta wuce Naira 1,500. A watan ne kuma buhun siminti ya haura Naira 10,000, daidai lokacin da muke zuba gindin ƙarfen tanki. Nan kuɗin zagaye na biyu suka shige. Rasit na kowane buhu da kowane sandar rodi yana wurin ma'aji, duk mai son gani ya zo zaman Lahadi a buɗe masa. Ba wanda ya karɓi ko sisi na zama ko na man babur a cikinmu.

Godiya ta musamman ga Alhaji da ya ba da filin farko, bai ce uffan ba da ramin ya ƙi, sai ma ya biya kuɗin awo daga aljihunsa. Allah Ya saka masa da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifansa. Haka Hajiya da ta sayi tanki ita kaɗai ta kuma hana a faɗi sunanta, Allah Ya san ta. Iyayenmu mata sun ba da kwasar adashinsu guda cur. 'Ya'yan unguwa mazauna Legas da Abuja sun turo sau biyu ba tare da ƙorafi ba. Mai unguwa da malam liman sun tsaya mana wajen neman izinin wurin, matasa kuma su suka haƙa hanyar bututu kyauta cikin rana.

Aiki bai ƙare ba. Farantan sola suna nan a fili babu katanga, 'yan sintiri ne ke taimaka mana da gadi da dare, kuma ba za su yi ta yi har abada ba. Ruwan da ke zuba a gindin famfo ya fara kwanciya a hanyar 'yan makaranta, in ba a ja masa magudana kafin damina ba, sauro za mu tara wa kanmu. Ramin farko ma yana buƙatar a toshe shi da kankare, don yanzu faifan kwano da dutse ne kawai a bakinsa. Wanda ba ya son ba da kuɗi a hannu, ya kawo bulo ko siminti ko yashi ya sauke a wurin, za a rubuta masa. Masu tsohon alkawari kuma, ma'aji yana nan ranar Lahadi bayan La'asar, a ajin da muka saba zama.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran 'yan kwamiti.