Wasiƙa ga ɗiyata a kan alkama da kara

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukanki. Ranar da aka kai ki ɗakinki a Barnawa, gwaggonninki sun yi miki faɗan haƙuri da biyayya, ni kuwa kuka ya hana ni faɗin abin da ya fi damuna, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba ki manta shekarun da muka kwashe ana ba ki maganin taifot da olsa ba, har da jiƙon basir da na riƙa ɗura miki, alhali ni da hannuna nake yanka miki burodi kowace safiya. Idan na tuna yadda cikinki yake kumbura, tafin hannunki ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, sai zuciyata ta sosu. Sai da aka auna jininki, aka zura na'ura ta baki aka gutsuro ɗan naman ƙaramin hanji, sannan aka gane cutar siliyak ce. Sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu shi ne yake tunzura garkuwar jikinki ta afka wa bangon hanjin, ta shafe ƙananan tsiron da ke tsotse amfanin abinci, ta yadda za ki ci ki ƙoshi amma jiki bai samu komai ba. Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita, maganinta kawai barin alkama da sha'ir da danginsu har abada.

Burodi da taliya da samobita ba su ne ke tayar mini da hankali ba, domin idonki yana ganinsu. Fulawar da ke ɓuya nake tsoro. Masu ɗanwake da yawa yanzu da fulawa suke kwaɓawa a madadin garin rogo, wasu masu waina kuma suna barbaɗa ta a ƙullu don ya kama jikinsa. Mai ƙosai takan soya fanke a man da ta soya ƙosan. Injin niƙa ma abin lura ne: idan an niƙa alkamar alkaki kafin a zuba dawarki, garinki ya gurɓata, saboda haka gara ki jiƙa shinkafarki ki markaɗa a gida. Lemon malt da garin shayi irin su Milo suna ɗauke da sha'ir, wasu dunƙulen miya kuma akwai garin alkama a cikinsu, don haka ki karanta bayan kwali, ko ki koma wa daddawarki. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa babu gulutin a cikinsa ba sai in bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, kin ga ke nan ɓurɓushin burodi a kan wuƙa ba abin rainawa ba ne. Ki ware muciyarki da rariyarki.

Sai batun kara, wadda na san ita ce rauninki, kuma a wurina kika gado ta. Wata rana surukarki za ta aiko miki da funkaso ko alkubus da miyar taushe, ki ji nauyin mayarwa. Ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ba maigidanki, amma kada ki kai loma ɗaya baki don gudun a ce amarya tana da iyayi. Hanjin yana lalacewa ko da ba ki ji ciwo ba, kuma hakan yana iya taɓa ƙashi da jini, har da juna biyu idan Allah ya kawo rabo. Gara maigidanki ya yi wa Hajiya bayani tun yanzu, bakinsa ya fi naki nauyi a wurinta. Duk wanda ya ce miki cutar Turawa ce, ki sanar da shi cewa an same ta a jikin sama da kashi 5 cikin 100 na yaran Saharawi, 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara, da aka auna a Aljeriya, alhali a duniya kusan mutum 1 ne cikin 100.

Ba ki rasa abinci ba. Tuwon shinkafa da na dawa da na masara, fura, alale, doya, dankali da faten acca duk naki ne. A kayan gararki kuwa, ki rabar da alkaki da dubulan da cincin, ki riƙe nakiya, domin da shinkafa zalla na sa aka yi ta a gabana.

Likita ya ce kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa suna iya ɗauke da cutar, don haka za mu kai ƙannenki gwaji, kuma ya gargaɗe mu kada mu hana su alkama kafin a ɗebi jinin, in ba haka ba gwajin zai ɓata. Ke ma kada ki yi wasa da ranar komawarki asibiti.

Ranar Asabar ƙaninki zai kawo miki acca mudu biyar da aka sayo mini daga Kafanchan, na riga na wanke ta na rege tsakuwar. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau.

Mahaifiyarki.