Mu Koyi Ɗora Wasannin Kwamfuta Na Halas A Kowace Irin Na'ura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu sana'ar kwamfuta na Titin Beirut da Kasuwar Farm Centre, da malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantun Kano, da iyayen da suka saya wa 'ya'yansu laftof, a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, wato irin wasannin da muke ɗora wa yara da kuma hanyar da muke bi wajen ɗora su.

Abin da aka saba shi ne yaro ya nemi gem, a zura filasha, a zuba masa wanda aka fasa wa makulli, wanda muke kira kirak. Sau da yawa sharaɗin farko na ɗora irin wannan shi ne a kashe manhajar da ke tsare kwamfuta daga bairos, kuma duk wanda ya yarda da wannan sharaɗi ya buɗe ƙofa ne ga abin da bai san ko mene ne ba. Ban da haɗarin, akwai haƙƙin masu shi, wanda bai faɗi daga kanmu ba don kawai suna nesa. Abin da ya fi damuna shi ne muna yin hakan alhali akwai wasanni masu kyau waɗanda masu su da kansu suka ba kowa izinin ya kwafa ya raba.

Waɗannan su ne wasannin da aka gina a kan tsarin buɗaɗɗiyar manhaja. Akasarinsu suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, kuma lasisin ya amince kowa ya yi amfani da manhaja, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba. Bai ma hana karɓar kuɗi ba, saboda haka mai shago zai iya ɗora wa mutum ya karɓi ladan aikinsa ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba. Daga cikinsu akwai SuperTuxKart, wasan tseren ƙananan motoci wanda tun fitowar 1.0 a 2019 ake iya buga shi da wasu ta intanet. Akwai 0 A.D., wasan gina gari da dabarun yaƙi na tsofaffin dauloli, inda ɗan wasa zai iya zaɓar Rumawa ko Farisawa ko daular Kush da ta yi zamani a ƙasar Sudan ta yau. Akwai Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024, na masu son gine-gine da tubala, sai kuma OpenTTD na shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa da tafiyar da kamfanin sufuri.

Abin da ya hana waɗannan wasanni yaɗuwa a wurinmu, a ganina, shi ne rashin sanin cewa kowace babbar manhaja da ke tafiyar da na'ura, kamar Windows ko Mac ko Linux, da irin fayil ɗinta da irin matakanta. Fayil ɗin Windows ba zai buɗe a Mac ba, na Linux kuma ba zai yi aiki a waya ba, ko da sunan wasan ɗaya ne.

A Windows, wadda ita ce a yawancin kwamfutocinmu, aikin yana farawa ne tun kafin a danna komai, wato daga inda aka samo fayil ɗin. Wajibi ne a je shafin masu wasan kai tsaye, kamar supertuxkart.net ko play0ad.com ko luanti.org, a guji shafukan da ke tara wasanni barkatai suna cika su da maɓallan saukewa na ƙarya. Sannan a duba ko kwamfutar mai bit 64 ce ko 32, domin a cikin tsofaffin laftof na gwanjo har yanzu ana samun masu Windows ta bit 32, kuma fayil ɗin 64 ba zai tashi a kansu ba. Idan aka buɗe fayil ɗin da ya ƙare da .exe, mai yiwuwa Windows ta fito da shuɗin allo tana gargaɗi cewa ba ta san wanda ya wallafa shi ba. Wannan gargaɗi ba ya nufin lalle akwai cuta. Yakan fito ne a kan fayil ɗin da ba shi da takardar shaidar wallafa ko wanda bai riga ya yaɗu ba, takardar kuwa da kuɗi ake sayenta, masu waɗannan wasanni kuma galibi 'yan sa-kai ne. Ana danna More info sannan Run anyway, a wuce. Amma a nan ne nake so masu sana'a su tsaya su yi tunani, domin gargaɗin da ke fitowa a kan fayil mai kyau shi ne dai ke fitowa a kan mugu, kuma abin da kaɗai zai raba maka su shi ne sanin inda ka ɗauko. Wanda ya koya wa yaro danna Run anyway ba tare da ya koya masa tantance tushe ba, ya ba shi rabin ilimi ne mai cutarwa.

Mac ba ta da yawa a hannun jama'armu, don haka ba zan tsawaita ba. Fayil ɗinta yakan ƙare da .dmg ko ya zo a dunƙule, ana buɗewa a ja hoton wasan zuwa cikin Applications. Idan na'urar ta ƙi buɗe shi, sai a shiga saituna wajen Privacy & Security a ba da izini. A kuma lura cewa tun 2020 Apple ta fara barin injin Intel ta koma nata na jerin M, saboda haka idan shafin ya ware fayil biyu a zaɓi wanda ya dace.

Linux ce ta fi cancantar a dakata a kanta, domin lokacinta ya zo mana ko da ba mu shirya ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da yawancin kwamfutocin makarantunmu ba su da shi. Waɗannan na'urori ba su mutu ba, kuma nau'o'in Linux irin su Linux Mint ko Ubuntu ko Debian za su iya tafiyar da su shekaru masu zuwa. A can ɗora wasa ya fi ko'ina sauƙi, domin tsarin yana da rumbunsa na manhajoji da aka tantance. Mutum zai buɗe manajan manhaja ya rubuta sunan wasan ya danna, ko kuma ya buɗe tasha, wato Terminal inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta sudo apt install supertuxkart, ya sa kalmar sirrinsa, shi ke nan.

Sai dai wannan sauƙi yana da lauje cikin naɗi. Ubuntu tana fitar da bugu mai dogon tallafi ne duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, kuma abin da ke cikin rumbun yakan tsaya a yadda yake lokacin fitowar. Wasan 0 A.D. ya fitar da bugun Alpha 26 a 2022, ya fitar da Alpha 27 a farkon 2025, kuma ba ya haɗa 'yan wasa biyu sai bugunsu ya zama iri ɗaya. Ke nan malami zai iya ɗora sabon bugu a kwamfutocin Windows daga shafin wasan, ya ɗora na rumbu a na Linux, kowanne ya tashi lafiya shi kaɗai, amma ranar da ya so ɗalibai su kara da juna sai abin ya ƙi, ya yi ta zargin kebul da rauta alhali laifin na bambancin bugu ne. Maganin shi ne a bi ta Flathub, rumbun da ke aiki a kusan kowace irin Linux kuma yakan riƙe sabon bugu. Linux Mint ta zo da shi a haɗe, a Ubuntu kuwa sai an ƙara Flatpak, manhajar da ake sauke kayan Flathub da ita, da hannu. A sani cewa saukewar farko daga can takan ci data da yawa, domin sai ta jawo wasu ginshiƙai da wasan zai tsaya a kai, amma na gaba sukan yi amfani da waɗanda aka riga aka sauke.

Maganar data ita ce ta fi shafar mu a nan Kano, kuma a nan ne izinin kwafa yake da daraja ta gaske. Fayil ɗin 0 A.D. ya haura gigabait ɗaya, SuperTuxKart kuma ɗaruruwan megabait ne, ba kuwa hikima ba ce makaranta ta sauke abu ɗaya sau ashirin. A Windows da Mac a sauke sau ɗaya, a zuba a filasha mai tsabta, a zaga da ita. A Linux abin da aka ɗora ta rumbu ba ya barin fayil guda da za a ɗauka cikin sauƙi, shi ya sa ga ɗakin da ba shi da intanet ya fi kyau a sauke dunƙulen da masu SuperTuxKart suka tanada domin Linux, a warware shi a kowace kwamfuta, a tayar da wasan daga fayil ɗin run_game.sh da ke ciki. Wasu wasannin ma ba sa cika da ɗorawar farko. OpenTTD yana buƙatar kunshin zane mai suna OpenGFX kafin ya buɗe, Luanti kuma inji ne wanda sai an sauke masa wasa daga cikinsa sannan a samu abin bugawa. Duk wanda zai kai su inda babu intanet, ya tayar da su sau ɗaya a inda akwai, ya kammala saukewar, sannan ya kwafi komai tare.

Ga masu wayar Android, SuperTuxKart da Luanti duka suna Play Store, suna kuma F-Droid, kasuwar da ba ta ɗaukar komai sai buɗaɗɗun manhajoji. Fayil ɗin APK, wato na ɗora manhaja a Android, da aka turo ta Xender ba a san asalinsa ba, hukuncinsa ɗaya da na .exe da aka tsinta. Shi kuwa 0 A.D. na kwamfuta ne kawai, don haka duk wanda ya ce ga shi na waya, a yi hattara da abin da ya miƙo.

Idan an gama ɗorawa aka ga wasa yana sarƙewa a tsohuwar laftof, kada a yi saurin yanke hukuncin cewa ba za ta iya ba. A shiga saitin zane a rage inganci da faɗin allo, a kashe inuwa da ƙyalƙyali, a kuma jona caja, domin laftof da yawa sukan rage ƙarfinsu idan suna kan batir. Daga nan sai a gwada abin da na fi so iyaye da malamai su gani da idonsu. A haɗa na'urorin a rauta ɗaya, ko da babu data a cikinta, mutum ɗaya ya buɗe zauren tsere na cikin gida a SuperTuxKart, sauran su shigo. Windows za ta tambaya ko a bar wasan ya wuce katangar tsaro, sai a amince masa. Mai Windows da mai Linux da mai waya za su yi tsere a fili ɗaya, ba a kashe ko kwabo a kan data ba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran kwamfuta da waya a wannan birni da su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran shago, kuma kowane shago ya ajiye filasha guda da ba a zuba komai a cikinta sai waɗannan wasanni, an ware na Windows da na Mac da na Linux, an rubuta lambar bugun kowanne a jiki. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantunmu kuma su tuna cewa rubutun da aka gina waɗannan wasanni da shi a buɗe yake, suna iya sauke shi su karanta yadda ake sa mota ta juya ko soja ya nemi hanya a taswira. Ke nan, Malam Edita, ina fatan jaridarku za ta riƙa ware ɗan fili lokaci zuwa lokaci domin irin wannan bayani da Hausa, musamman yanzu da makarantu da yawa za su yanke shawarar abin da za su yi da tsofaffin kwamfutocinsu.

Wassalam.

Naku,
Malamin kwamfuta a wata makarantar sakandare,
Birnin Kano.