Ƙaramin Ma'aikaci Na Zuba Kuɗi A Asusun Gidaje, Amma Rancen Ya Fi Ƙarfinsa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin hukuma da ƙungiyoyin ƙwadago kan Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992, kuma bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da shi.

A takarda tsarin gwanin kyau. Ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata. Idan ya yi wata shida yana zubi, yana da damar neman rance ta hannun wani bankin jinginar gidaje, ya biya da ruwa kashi 6 cikin ɗari, har tsawon shekara 30. An ma ɗaga iyakar rancen daga naira miliyan 15 zuwa miliyan 50. Sai dai akwai sharaɗin da ba a cika faɗa wa mutane ba sai sun gama cike fom: abin da za a riƙa cira duk wata ba zai wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi ba.

To, mu buga lissafi. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, ana cire masa 1,750 a wata. Sulusin albashinsa bai kai 23,400 ba. Kowace miliyan ɗaya da aka ranta na shekara 30 tana cin kusan naira 6,000 a wata, ke nan rancensa ba zai cika miliyan huɗu ba. Wannan ma idan matashi ne. Ɗan shekara 45, wanda saura shekara 15 ya yi ritaya, biyan miliyan ɗaya ya kai wajen 8,400 a wata, don haka ko miliyan uku ba zai samu ba. Ina gidan da za a saya da wannan kuɗi a Kano ko Kaduna, a yadda siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo? Mai son miliyan 10 sai albashinsa ya kai kimanin 180,000. Miliyan 50 kuwa sai mai ɗaukar wajen 900,000. Tunda babu iyakar albashi daga sama, rance mai sauƙin ruwa yana tafiya wurin wanda ya fi ƙarfi, alhali malamin firamare da masinja da direba suna zubi ba fashi. Abin da yawancinsu ke tsira da shi shi ne a mayar musu da kuɗinsu bayan ritaya da ribar kashi 2 cikin ɗari, lokacin da tsadar kaya ta riga ta cinye darajarsa.

Wanda ya tsallake wannan siratsi kuma sai ya ci karo da takardar mallaka. Banki ba ya karɓar takardar ciniki mai hannun mai unguwa da shaidu, sai shaidar mallaka ta gwamnatin jiha, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce jingina ba ta ƙulluwa sai da amincewar gwamna. Mai fili a awon igiya ya fita daga lissafi tun daga nan. Ga kuɗin mai kimanta gida, ga na lauya, ga na rajista. Kafin alƙalami ne kaɗai ya ɗan yi sauƙi, tunda daga 2022 hukumar fansho ta ba wanda ya yi wata 60 yana zubin fansho damar cire kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ta fansho don wannan buƙata.

Shawarata ita ce a ware wani kaso na rancen kowace shekara ga masu albashi ƙasa da 150,000 da ba su taɓa mallakar gida ba, a kuma buga sunayen jihohi da adadin waɗanda suka samu. Ya kamata kuma a sauƙaƙa wa ƙaramin ma'aikaci gina gidansa da kansa. A ba shi rance kashi-kashi yadda mutanenmu suka saba gini: tubali zuwa linta, sannan rufi, sannan filasta da ƙofofi, injiniya yana duba kowane mataki kafin a saki na gaba. Gwamnonin jihohi kuma su rage kuɗin takardar mallaka ga ƙananan fulotai, su sa wa'adin da za ta fito. Masu gudun kuɗin ruwa saboda addini, waɗanda suna da yawa a Arewa, a buɗe musu hanyar haya zuwa mallaka a kowane ofishin bankin na jiha.

Wassalam,
Mai karatu daga Kaduna